Ranar da Yaran Fadikpe Suka Ɗaga Mai Girma Sama

Yau da safe na tura Vespata tun daga Fadikpe har gidan mai, ita tana hutawa ni ina gumi. Na tarar layi ya miƙe, ya karya kwana, ya shiga wata unguwa. Na bi sahu. Rana ta taso, mai shayi ya kwashe kayansa, mai ƙosai ta ƙarar da ƙullunta, layi bai motsa ba sai dai inuwarsa. Muna nan sai ga wata farar bas tana ta hon, ta ratsa mu kamar mai ratsa tumaki, ta je ta tsaya daidai bakin famfo. A jikinta an rubuta da manyan baƙaƙe: KWAMITIN KOYA WA YARA HAƘURI DA JUNA. Aka cika mata tanki, aka cika jarkokin da ke bayanta, sannan yaron gidan mai ya rataye tiyo ya ce mai ya ƙare.

Layi ya ɗauki zage-zage da kowane yare da ake ji a Minna. Ni kuwa dariya ta kama ni har sai da na kifa kai a kan babur. Wani direban tasi da ke bayana ya dafa kafaɗata ya ce, "Sannu, malam. Yayana ma haka abin ya fara masa, shi ma a layin mai."

Na ce masa lafiyata ƙalau. Na san bas ɗin ne kawai, na san ubangidanta, kuma Asabar ɗin da ta wuce na gan shi a wani matsayi da ban taɓa ganin babban mutum a ciki ba. Tun da babu mai, babu wurin zuwa, bari in ba ku labarin kamar yadda na ba direban.

Bayan gidajenmu akwai wani fili da ba kowa ya san mai shi ba. A nan yaran unguwa suke ƙwallo tun daga tashi makaranta har a kira magariba. Akwai 'ya'yan Gbagyi, da na Nufawa, da namu da kakanninmu suka biyo jirgin ƙasa suka zauna, da 'ya'yan Ibo mai kemis, da wasu da ni kaina ban san daga ina iyayensu suka zo ba. Suna faɗa, ba na musu, amma faɗansu bai wuce a kan ko ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba, domin ragarsu duwatsu biyu ce.

Maƙwabcina Irimiya manomin doya ne, gonarsa tana Beji. Tun shekarar da aka mai da Minna babban birnin jiha muke zaune katanga ɗaya, katangar ma ta zube a tsakiya, ba wanda ya damu ya gyara, domin ta nan matanmu suke miƙa wa juna gishiri da labarin unguwa. In Kirsimeti ta zo, ni nake yanka masa kaji don mu ci tare. In Sallah ta zo, cinyar rago ta nan take bi. 'Yata Jummai da 'yarsa Alisabatu kuwa, in ka aiki ɗaya ka aiki biyu.

Wannan unguwa ce kwamiti ya duba ya ga tana cikin hatsari. Wata rana sakataren kwamitin ya zo, mutumin da ba a taɓa ganin hammatarsa ba fayil ba, don haka za mu kira shi Magajin Fayil. Ya tara mu ya ce bincike ya nuna yaranmu ba su san haƙuri da juna ba, don haka za a kafa musu wani abin tarihi a filin ƙwallonsu, wanda in sun kalle shi haƙuri zai shige su. Limaminmu ya tambaya ko gunki ne. Magajin Fayil ya ce ba gunki ba ne, fasahar zamani ce, wadda ba ta kama da komai. Liman ya ce in dai ba ta kama da komai, to babu laifi.

Wadda aka ba aikin wata yarinya ce 'yar Chanchaga mai suna Helen, ta yi karatun zane da ƙira mai zurfi. Ranar da ta fara zuwa, cikin wandon masu walda da baƙin tabarau a goshi, tsofaffin unguwa suka ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Ba a yi sati ba suka koma aika mata kunu. Ni dai na tare ta na ce, "'Yata, me za ki gina mana?"

Ta ce, "Baba, ba abin kallo zan yi ba, abin hawa ne."

Wani dogon ƙarfe ta ƙera, mai faɗi, mai kauri, ta ɗora tsakiyarsa a kan ginshiƙi, kamar sikelin masu sayen gyaɗa amma ƙato. In yara sun zauna a wannan gefe, wancan ya yi sama, in wasu sun hau wancan, wannan ya tashi. Ta yi masa maƙalai da yawa yadda yara tuli za su hau kowane gefe. Ta ce ta sa masa suna "Sai Da Kai", domin yaro ɗaya, ko ɗan waye shi, in ya hau shi kaɗai zama kawai zai yi a ƙasa yana kallon sama.

Ranar da za a zuba simintin gindinsa, ta tara yaran unguwa kaf, kowa ya danna tafin hannunsa a ɗanyen siminti. Da ya bushe na je na duba, na yi ta neman hannun Jummai ban gane shi ba. Hannu dai hannu ne. A tsakiya kuma akwai wani ƙaton hannu guda ɗaya. Kwamiti ne ya ce dole a sa hannun shugabansu, Mai Girma Sarkin Almakashi, bawan Allahn da ba a buɗe ko rumfar mai tsire a garin nan sai ya yanka zare. To, ranar ayyuka sun yi masa yawa, sai ya aiko direbansa ya wakilce shi. Don haka in kun je kun ga hannu mai kanta, ku gaishe shi da ladabi, hannun hukuma ne.

Da aiki ya ƙare Helen ta shafa masa fenti kala-kala, yara suka tsaya suna haɗiyar yawu suna jiran ya bushe. Kafin ya bushe sai ga kwamiti da waya. Suka kewaye abin, suka haɗa da rabin filin da raga ɗaya, suka sa ƙofa da kwaɗo, suka rufe shi da tamfol, suka kafa allo: BA A TAƁAWA. Suka kuma ɗauko wani dattijo Banufe mai suna Ndatsu suka ba shi kujera da kulki. Duk ƙwallon da ta faɗa ciki, Ndatsu ya ɗauka ya jefa a buhu. Ba mugu ba ne, yana yi yana ba su haƙuri, amma an ce masa ƙwallo tana iya ɓata fenti.

Helen ta je ofis ta ce, "Ranka ya daɗe, ai don a hau na yi shi."

Magajin Fayil ya ce mata, "Haba, malama. Kayan gwamnati ne fa. In aka bar yara suka hau, me za mu nuna wa baƙi?"

Da la'asar nakan gan ta tsaye a bayan waya tana kallon tamfol. Ita ma Ndatsu ba ya barin ta shiga. Ya ce umarnin da aka ba shi bai ware wanda ya ƙera ba.

Yara da suka rasa fili sai suka koma ƙwallo a lunguna. Lungu kuwa ba ya ɗaukar kowa, don haka kowane layi ya kafa ƙungiyarsa. Ba a jima ba na ji wani yaro a ƙofar gidana yana ce wa wani, "Ku koma layinku na coci." Wancan ya ce, "Ku ma kada mu ƙara ganinku a namu." Shekara da shekaru ina unguwar nan ban taɓa jin wannan magana a bakin yaro ba sai da aka kawo mana haƙuri da juna a cikin tamfol.

Mu manya ma ba mu tsira ba. Wata safiya Magajin Fayil ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa kwamiti ya zaɓi Jummai ta miƙa wa Mai Girma fulawa ranar buɗewa, za a sa hotonta a jarida, amma kada in faɗa wa kowa. Ban faɗa wa kowa ba sai matata Lailatu, ita ma ba ta faɗa wa kowa ba sai tela da mai kitso. Da yamma sai ga Irimiya ya leƙo ta ɓarakar katanga yana murmushi har kunne.

Ya ce, "Baban Jummai, ka ji labari? Alisabatu ne zai ba Oga fulawa."

Na ce, "Baban Alisabatu, ina jin ba ka ji da kyau ba. Jummai aka ce."

"Sakatare da bakinsa ya gaya mini."

"Ni ma ba da ƙafarsa ya gaya mini ba."

Daga nan magana ta yi tsami. Na ce ai a duba wanda ya fi daɗewa a unguwa. Ya ce in daɗewa ce, kakanninsa suna noma a nan tun kafin kakana ya san ƙarar jirgi. Yaran suka ɗauka daga inda muka tsaya. Jummai ta ce Alisabatu ta cika gajarta, Mai Girma ba zai gan ta ba. Alisabatu ta ce giɓin Jummai zai ɓata jarida. Kowacce ta koma tsakar gidansu tana koyon durƙuso da damin ganyen zogale a hannu, suka daina tafiya makaranta tare. Ranar Lahadi bayan coci na ji motsi, na leƙa, sai na ga Irimiya yana jera bulo a ɓarakar nan. Bai sa siminti ba, amma ya jera har sama. Na juya na koma ciki. Lailatu ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, miyar ranar kuma ba gishiri.

Ranar Asabar aka kafa rumfuna, aka jera kujeru masu laushi a inuwa domin manya, aka jera yara a rana domin su koyi haƙurin tun da wuri. An ce kowane yaro ya sa kayan ƙabilarsa. Da aka duba babu ɗan Fulani, sai aka kama ɗan mai kemis aka ɗora masa malfa aka ba shi sanda, aka ce ya riƙa yin shiru. Jummai da Alisabatu suna tsaye cikin sabbin ɗinkuna, kowacce ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Ni ina wannan gefen rumfa, Irimiya yana wancan, kowa yana kallon gabansa kamar an ɗaure masa wuya.

An ce mana da hantsi za a fara. Sai da aka yi azahar aka dawo, masu ganga suka gaji suka kwanta a kan gangunansu, sannan jiniya ta taso. Mai Girma Sarkin Almakashi ya fito daga mota a hankali, kashi-kashi: tumbi ya fara fitowa, babbar riga ta biyo baya, hula ta zo ƙarshe. Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne da ake gani a san ƙasa tana da arziki.

Sai aka buɗe ƙofar motar baya, wata 'yar yarinya ta fito cikin farar riga da safa da takalmi mai ƙyalli, rungume da fulawa. Ta je ta durƙusa ta miƙa, mai hoto ya ɗauka. Ndatsu ne ya raɗa mini cewa 'yar ƙanwar Magajin Fayil ce, daga wata unguwa aka kawo ta.

Na kalli Irimiya, ya kalle ni. Wannan ne karon farko da idanunmu suka haɗu tun ranar bulo. Ya ɗaga gira, na taɓe baki. Can cikin rana kuwa na ga Alisabatu ta ɗan matsa kusa da Jummai.

Mai Girma ya yi jawabi mai tsawo a kan manyan gobe. Ya ce kafin zuwan kwamitinsa yaran wannan unguwa ba sa ga maciji da juna, yanzu kuwa ga shi sun tsaya a layi ɗaya. Aka tafa. Ya karɓi almakashi ya yanka zare, aka buɗe ƙofar waya, aka yaye tamfol. Ya tsaya yana kallon abin, ya zaga shi, ya tambayi Magajin Fayil a hankali ina gabansa yake. Magajin Fayil ya buɗe fayil yana nema.

Mai hoto ne ya kawo shawarar da ta gyara mana rana. Ya ce hoton zai fi kyau in Mai Girma ya zauna a gefe ɗaya, yarinyar fulawa a ɗaya gefen. Helen ta buɗe baki za ta yi magana, aka ce mata ta koma baya, manya suna aiki. Aka ɗora yarinyar ta kama maƙali. Mai Girma ya tattare babbar riga ya zauna.

Gefensa ya daki ƙasa da ƙara, yarinyar ta tafi sama. Ta ƙanƙame ƙarfe, ta leƙo ƙasa, ta fashe da kuka tana kiran mamanta. Manya suka tsaya suna kallon juna, domin ba wanda ke da matsayin da zai ce wa Mai Girma ya tashi, shi kuma rigarsa ta maƙale ya kasa.

Jummai ce ta fara fita daga layi, Alisabatu tana binta. Suka shige ta ƙofar waya, suka yi tsalle suka kama ƙarfen ta ƙarƙashin yarinyar suna lilo. Bai motsa ba. Alisabatu ta waiwaya ta ce wa yaran, "Ku zo mana, kuna kallo za ta faɗo." Sai ɗan mai kemis ya jefar da sandar Fulaninsa ya ruga. Daga nan layi ya watse. Yaran layin coci da na layin masallaci da na bayan kasuwa suka kwararo, wani ya kama ƙarfe, wani ya kama ƙafar wanda ya kama ƙarfe, wani ya hau bayan wani. Ndatsu ya ɗaga kulki, ya dube su, ya sauke, ya koma ya zauna.

Gefen yara ya fara saukowa. Jama'a, ku yi lissafi da kanku abin da ya faru da ɗaya gefen.

Mai Girma Sarkin Almakashi ya tashi sama sannu a hankali, babbar riga tana kaɗawa kamar tuta, ƙafafunsa suna neman ƙasa. Takalminsa ɗaya ya faɗo, Magajin Fayil ya cafe shi ya rungume tare da fayil. Masu ganga da suka farka suka ɗauka yana cikin tsarin biki, suka saki kiɗa. Jummai ta sauke yarinyar fulawa tana share mata hawaye da gefen sabon mayafinta.

Magajin Fayil ya daka wa yara tsawa su sauka maza. Nan Helen ta shigo tsakiya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Kada wanda ya motsa. In kuka sauka gaba ɗaya, da ƙarfi zai faɗo, zai karye. Sai ɗaya bayan ɗaya, a hankali." Ta ɗaga kai ta ce, "Ranka ya daɗe, riƙe da kyau. Yanzu kana hannunsu."

Sai wani ƙaramin yaro daga cikin tulin ya ce, "Baba, ƙwallayenmu suna buhun Baba Ndatsu."

Daga sama murya ta ce, "A ba su."

Alisabatu ta ce, "Da waya. A cire waya."

"A cire."

Lailatu, wadda ban taɓa jin ta yi magana a taro ba, ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, tun da kana sama, dubi can bayan bishiyar mangwaro. Famfonmu ke nan. Tun ina goyon autana rabonsa da ruwa."

Mai Girma ya juya ya duba. Ya daɗe yana kallo, har da kwata da juji da matan da ke dawowa da bokitai daga nesa. Ya ce, "Wancan wane ƙauye ne?" Aka ce masa nan ne dai, inda yake. Ya ce za a gyara, a rubuta. Magajin Fayil ya rasa hannun rubutu saboda takalmi.

Yara suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, suna shawara da juna wa zai fara, wa zai biyo. Da nauyi ya zo daidai, ƙarfen ya tsaya a tsakiya yana rawa, ya ɗan yi ƙasa ya ɗan yi sama. Sai muka ji wani sauti da ba mu san shi da shi ba. Mai Girma dariya yake yi, dariyar gaske, har da hawaye. Ya dunguri ƙasa da ƙafar da ba takalmi ya sake tashi, yara suka yi shewa, ya sake. Sai da 'yan rakiyarsa suka roƙe shi da girman Allah sannan ya yarda aka sauke shi. Ya tsaya yana haki ya ce wa Helen, "Malama, ashe abin hawa ne. Me ya sa ba a gaya mini ba?" Helen ta kalli Magajin Fayil, shi kuma ya sunkuya yana sa wa ubangidansa takalmi.

Ba mu jira takarda ba. Motoci ba su gama fita ba samarin unguwa suka naɗe waya, tun da an ba da umarni a gaban shaidu. Ndatsu ya zazzage buhu, ƙwallaye suka gangara ko'ina, ya ce shi ma ya huta. Da la'asar ina zaune a tsakar gida na ji ana ɗauke bulo ɗaya bayan ɗaya. Irimiya ya leƙo da doya biyu a hannu ya ce, "Baban Jummai, wannan bulo, ina so in gyara akurkin kaji ne da shi." Na ce ai dama na lura akurkin yana bukatar gyara. Na tashi na taya shi kwashewa.

Yanzu tun safe har magariba ƙarfen nan ba ya hutawa. Fentin ya fara goguwa, Helen ta ce haka take so. Faɗa ma ya dawo yadda yake da, a kan wa ya daɗe a sama da ko ƙwallo ta shiga.

Famfo kuwa, jiya Lailatu ta je ta murɗa, ya yi mata tsaki kamar yadda ya saba. Ban ga laifin Mai Girma ba, Allah ya ja zamaninsa. Duk abin da aka roƙe shi yana sama ya amsa da gaskiya. Kuskuren namu ne, mun yi saurin sauke shi.